Mas'udu Likita da Shaidar Kiyashi

In kana son tsofaffin Bungudu su yi dariya har su share hawaye, daga baya kuma su yi tsit kamar ba su ba, to ambaci sunan Mas'udu Likita. Ni dai ban ga likitancinsa ba, kuma ban ga wanda ya gani ba. Abin da aka tabbatar shi ne ya taɓa yin wankin kwalabe a wani asibiti a Gusau, har ranar da aka kama shi sanye da farar rigar likita yana duba harshen wata tsohuwa da ta zo gaida mara lafiya, aka nuna masa ƙofa. Ya dawo Bungudu da rigar a ƙunshe cikin buhu, yana gaya wa mutane wai shi ya ajiye aikin don manyan wurin sun fara ƙyashin iliminsa.

Shekarar da aka koma tuƙin mota ta hannun dama, ciwon sukari ya kama Alhaji Yari mai sayen gyaɗa, wan mahaifin Luba matar Mas'udu. Alhaji mutumin kirki ne, hannunsa a buɗe, amma in ya ga alkaki hankalinsa barin jikinsa yake yi. Ƙaya ta soke shi a babban yatsan ƙafar hagu, mikin ya ƙi warkewa. Likitan Gusau ya ba shi ƙwayoyi, ya hana shi duk wani abu mai zaƙi, ya ce ya riƙa zuwa ana wanke mikin. Ya kuma gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in ya yi wasa, ƙafar nan ba za ta kai baɗi a jikinsa ba.

Wata safiya Mas'udu ya je gaisuwa, ya tarar da Alhaji a zaure yana kurɓar shayi yana yatsine fuska.

"Alhaji, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ni na rasu, Malam Mas'udu. Shayi babu sukari, fura babu zuma, alkaki sai dai in gaishe shi daga nesa. Wanga zama na?"

"Wa ya hana ka?"

"Likita mana."

"Wane? Mai tabaran nan? Haba Alhaji! Yaron da ni na koya mai riƙon allura!" Mas'udu ya gyara zama, ya tura hula gaban goshi. "Ai wanga ciwo ba shi da wata wuya. Zaƙi ne ya yi yawa cikin jini. To mi ke kashe zaƙi? Ɗaci! Duk itace mai ɗaci da ke ƙasar Zamfara zan tattaro, in gwada su irin gwajin Turawa, in fitar da sarkinsu. Kai ka koma ga alkakinka, ni kuma sunana ya tahi har Ikko."

Idon Alhaji ya kawo ruwa don daɗi. Ya ce in dai an maido shi ga alkaki, zai gina wa Mas'udu asibiti mai rufin kwano a bakin titin mota. Mas'udu ya fito yana tafiya kamar ƙasar ta yi masa kaɗan.

Ya fara da ɓawon maɗaci, ya haɗa da shuwaka da ganyen dogon-yaro, ya zuba a tukunyar tuwon Luba ya dafa. Tun daga ranar, duk tuwon da aka tuƙa a gidan sai an rufe ido ake haɗiya. Luba ta yi magana, ya ce ta gode wa Allah, tana shan rigakafi kyauta.

Sai batun gwaji. Mas'udu ya taɓa jin cewa Turawa a kan dabba suke farawa, shi kuwa ko kaza ba shi da ita. Amma maƙwabciyarsu Inna Jummai tana da wata jar akuya mai yawan tsallaka katanga. Matsalar ɗaya ce: akuyar lafiyarta lau. Sai ya yanke shawarar ya fara sa mata ciwon tukuna, sa'an nan ya warkar da ita. Ya dinga ba ta mazarƙwaila safe da yamma. Akuya ta ga banza ta faɗi, ta ɗauke shi uba. Ya je kasuwa tana bayansa, ya je jana'iza tana bayansa, ya shiga masallaci ta tsaya a ƙofa tana kuka har liman ya rikice a karatu.

Da ya ga ciwon ya isa ya kama, sai ya ɗauki ƙoƙo ya shiga bin ta don ya tari fitsarinta. Akuya kuwa ta ƙi. In ya tsuguna ta matsa, in ya miƙe ta yi abinta a ƙasa. 'Yan majalisar gindin durumi suka samu abin kallo.

"Jiya akuya ke bin Likita, yau Likita ke bin akuya!"

"Ku dai ku yi ta dariya," in ji Mas'udu, yana haki. "Ranar da anka faɗi sunana a rediyo, kada wanda ya ce ya san ni."

Fitsari bai samu ba, amma wannan bai hana shi ɗura mata magani ba. Ya matse ta tsakanin ƙafafunsa ya juye mata cikin kwano guda. Akuya ta ƙwace, ta tsallaka katanga, ta bi ta kan shanyar garin dawar Inna Jummai tana zawo daga wannan gefen tabarma zuwa wancan. Ba a daɗe ba sai ga Inna da muciya a hannu, ɗankwali a kafaɗa.

"Kai Mas'udu! Mi akuyata ta yi ma?"

"Inna, kwantar da hankalinki. Akuyarki ta shiga tarihi."

"Tarihin ya ci gidansu! Garina fa?"

"Wanga zawo da kika gani, ciwon ne ke fita."

"Wane ciwo? Da wane ciwo ka same ta?"

"Ai ni na sa mata shi, Inna, don in..."

Bai ƙarasa ba muciya ta sauka. Ranar dai Likita da kansa ya nemi man zafi.

Daga nan ya ce dabba ba ta da hankalin da za a yi ilimi da ita, ya koma kan Alhaji kai tsaye. Kowa a ƙasar nan ya san cewa inda mai ciwon sukari ya yi bawali, kiyashi kan taru, don da haka ma aka fara gane ciwon Alhaji. To wannan shi Mas'udu ya mayar ma'auninsa: in kiyashi sun zo, akwai sukari, in sun ƙi zuwa, an warke. Don kada ya rasa masu shaida, sai ya shiga barbaɗa sukari a lungunan gidansa. Kafin ka ce me, kiyashi sun cika ɗaki. Suna cikin fura, suna cikin adudun kaya, suna cikin shimfiɗa.

"Malam," in ji Luba tana karkaɗe zane, "mutane na kiwon kaji, mu kiyashi munka samu?"

"Ki iya bakinki. Ma'aikatana ne."

"To ka gaya wa ma'aikatanka su fita daga kunnena!"

Ana cikin haka ya tafi Nahuce neman garafuni, don an ce masa ya fi komai ɗaci. A bakin wata gonar auduga ya ci karo da wani gwangwani da aka jefar, na maganin ƙwarin da ake fesa wa auduga. A jikinsa akwai rubutun boko, da hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Mas'udu ba ya karatun boko, amma ya taɓa ganin hoton ƙwarangwal a bangon ofishin likita. Nan take ya gane, a ganewarsa, cewa kayan asibiti ne Allah ya jefo masa. Ya rungume shi ya kawo gida. Luba ta ce yana wari, a wanke. Ya daka mata tsawa, wai so take ta wanke albarkar Turawa.

Ga yadda ya tsara gwajin, kuma don Allah a saurara da kyau, don duk ɓarnar a nan take. Kafin Alhaji ya sha magani, a tari bawalinsa a ƙoƙo. Bayan ya sha, a tara a gwangwani, domin a cewar Mas'udu bawalin da ya ji magani ya wuce ajin ƙoƙo. Aka ajiye su biyun a tsakar gida. Kiyashi suka yi wa ƙoƙo caa, har ba a ganin bakinsa. Gwangwani kuwa suka kewaye shi daga nesa, 'yan kaɗan da suka yi ƙarfin halin hawa suka faɗo ƙafafu a sama.

Mas'udu ya yi tsalle ya dire. "Allahu Akbar! Alhaji, ka gani? Ba sukari kaɗai ya tahi ba, bawalinka ya koma makami!"

Alhaji ya leƙa ƙoƙo, ya leƙa gwangwani, ya ɗaga hannu sama. A ranar ya sa aka zuba ƙwayoyin asibiti a masai, ya aika a kawo masa alkaki faranti guda, da nakiya, da shayin da cokali ke iya tsayawa a ciki. Zuwa wankin miki a Gusau kuwa ya ce an gama.

Ba a jima ba yatsa ya kumbura, ya fara baƙi, ƙafar ta ɗauki zafi. Alhaji ya rame, ga ƙishirwa kamar ya shanye rijiya. Luba ta je gaishe shi ta dawo hankali a tashe.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ƙafar Baba wari take. Ka ce mai ya koma asibiti."

"Ke mi kika sani? Ciwon ne ya rasa wurin zama, ya gangara ƙasa shina neman ƙofa. Baƙin nan da kika gani, ƙonewa yake."

Ta koma wurin Alhaji da kanta, ta durƙusa har ƙasa tana roƙonsa. Ya ce, da nakiya a bakinsa, "Ɗiyata, da idona na ga kiyashi sun mutu. Kiyashi ba su ƙarya."

Abin da ya dami Mas'udu ba ƙafar ba ce. Abin da ya dame shi shi ne mutanen Bungudu sun ƙi sayen maganinsa, ko'ina ya gifta sai ya ji wani ya yi kukan akuya. Ya ce garin jahilai ne, a Tsafe zai bayyana, inda ake ganin girman baƙo. Ya shawo kan Alhaji ya bi shi ranar kasuwa a matsayin shaida. Ya cika tulu da magani, ya ɗauki ƙoƙo da gwangwani, ya saka farar rigarsa, ya ɗebi ma'aikatansa da ƙasarsu ya zuba a gora ya toshe da tsumma.

Suka hau babbar mota, Alhaji a gaba kusa da direba, Mas'udu a baya cikin mutane da buhuna. Ana wuce Gusau mota ta faɗa rami, tsumma ya fice. Da farko wata mata ce ta fara susa. Sai wani Bafillace ya miƙe yana dukan wandonsa. Kafin a kai rabin hanya duk motar rawa ake ba kiɗa.

"Wane la'ananne ne ya shigo muna da kiyashi?"

Mas'udu ya zauna a kan gorar, ya ɗaure fuska, yana susa da gwiwar hannu. "Ikon Allah," in ji shi. "Akwai mai ciwon sukari cikin motar ga. In mun sauka ya neme ni."

A kasuwar Tsafe ya zaɓi wuri kusa da rumfar masu alewa da rake, inda kiyashi ke da gari nasu. Ya shimfiɗa wa Alhaji tabarma, ya lulluɓe ƙafar da bargo, ya ajiye masa farantin alkaki a gaba. Sa'an nan ya hau kan turmi ya buɗe murya.

"Jama'ar Tsafe! Ku matso ku ga abin da ya gagari Ingila! Ni ne Mas'udu Likita, wanda manyan likitoci ke tashi tsaye in ya shigo! Ga Alhaji nan, da sun ce ko rake ya kalla sai ya mutu. Alhaji, ci su gani!"

Alhaji ya ɗauki alkaki ya kai baki, gumi na tsiyaya. Mutane suka taru maƙil. Wani mai rake da ake kira Tambaya, dogo mai bakin tsiya, ya jingina da kurar rakensa ya ce, "Likita, majinyacin naka fa kamar shina son kwanciya."

"Daɗi ne ya yi mai yawa. Kai dai tsaya ka ga ilimi."

Aka kewaye Alhaji da zana, bawan Allah, dattijo da shi a tsakiyar kasuwa, ya yi bawalin da aka nema a ƙoƙo. Mas'udu ya zuba rabi a gwangwani ya ajiye a kan hanyar kiyashi, sauran ya watsar gefe. Kiyashi suka zo, suka shinshina, suka watse. Kasuwa ta ɗauki kabbara. Wasu har sun fara miƙo kwanoni a zuba musu magani.

Da ya tsaya nan, da ya sha. Amma Mas'udu bai taɓa ganin wurin tsayawa ya tsaya ba.

"Ku dakata! Mu masu ilimi ba mu aiki da gefe guda. Yanzu zan nuna muku yadda kiyashi ke yi in sun ga zaƙi na gaske, don ku san bambanci!"

Ya karɓi mazarƙwaila wurin masu alewa ya jiƙa ta a ruwa, ya juya zai ɗauki ƙoƙo, sai ya ga wani jaki ya taka shi ya yi raga-raga. Mas'udu ko a jikinsa. Ya zubar da abin da ke cikin gwangwani, ya tuttula ruwan mazarƙwaila a ciki, ya dire a ƙasa, ya harɗe hannu a ƙirji.

"Ku zuba ido. Yanzu za ku ga rububi."

Aka zuba ido. Kiyashi suka zo, suka shinshina, suka watse. Biyu-uku da suka hau suka faɗo matattu.

Sai jakin nan ya saki kuka.

"Ba su gani ba ne," in ji Mas'udu. Ya tsuguna yana tura su da tsinke. "Ku hau mana! Kai, ku hau, don ubanku!"

"Likita," in ji Tambaya, "ita ma mazarƙwailar ka ba ta magani ne?"

"Ƙarfin maganin ne ya... ya bi iska."

"To ga wani abu nan bayanka, shi iskar ba ta kai gare shi ba?"

Kowa ya juya. Inda Mas'udu ya watsar da sauran bawalin Alhaji, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da kiyashi, har hawa kan juna suke. Wani manomi ya ɗauki gwangwanin ya kai hanci, ya jefar yana tofar da yawu. "Wanga ai na feshin auduga ne! Ko zuma ka zuba ciki babu ƙwaron da za ya kusance ta!"

Wayyo, ina ma ƙasa ta tsage! Dariya ta ɓarke tun daga rumfar alewa har layin mahauta. Masu kwanoni suka juye maganin a kan farar riga. Wata tsohuwa da ta riga ta kurɓa ta bi shi da ludayi tana tofe-tofe. Ɓawon rake ya dinga sauka a kansa ta ko'ina, shi kuwa yana kan turmi yana ihu, "Kiyashin Tsafe ne ba su da tarbiyya! Nawa na Bungudu sun san aiki!"

Sai aka ji faranti ya faɗi. Alhaji Yari ya kife a kan tabarma, bargon ya zame, mutanen da ke kusa suka ga ƙafar suka ja da baya suna salati. Nan dariya ta mutu. Tambaya ne ya watsar da rakensa, aka ɗora Alhaji a kurar aka tura zuwa tasha, aka tsayar da mota ta juya Gusau. Babu wanda ya ce wa Mas'udu ya hau. A bayan motar shanu ya koma.

An ceci ran Alhaji. Ƙafar ce ba a ceta ba, aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Mas'udu ya ɓuya a ɗaki, wai zazzaɓi. Da Alhaji ya fara samun sauƙi ya aiko a kira shi, Luba ta tsaya a kansa, idanunta sun kumbura don kuka, ta ce ko ya tashi su tafi ko ta tafi ba dawowa. Ya tashi. Tun a mota yake shirya abin da zai faɗa, kafin su isa Gusau har ya fara yarda da kansa.

Suka sami Alhaji a kan gado, ya faɗa ƙwarai, zanen da aka rufa masa ya kwanta shafal a inda ƙafa ya kamata ta tasa shi. Luba ta durƙusa ta gaishe shi. Mas'udu ya tsuguna daga nesa.

"Alhaji, sannu da jiki. Wato na yi nazari. Gaggawa sunka yi. Da sun bar ni na ƙara garafuni kaɗan..."

"Malam Mas'udu," in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa, babu faɗa a cikinta. "Matso."

Ya matso.

"Luba, duba ƙarƙashin gado, akwai takalmana. Miƙo min na hagu."

Ta jawo shi. Jan takalmi ne na fata mai kyau, ko ƙura bai gama sani ba. Alhaji ya karɓa, ya shafa shi da tafin hannu, ya miƙa wa Mas'udu.

"Likita ba ya aiki a banza. Ga ladanka."

"Haba Alhaji, ai ni..."

"Karɓi. Kai ka yi ƙarya, ni kuma na so a yi min ita, don kwaɗayi. Laifin namu ne mu biyu, shi ya sa munka raba. Kai ɗaya, ni ɗaya."

Alhaji ya juya fuskarsa bango. Luba ta zauna a bakin gadon tana yi masa fifita, ko kallon mijinta ba ta yi ba.

Mas'udu ya fito da takalmi a hannu. Ya rasa ko ya sa shi a aljihu, ko ya ɓoye a hammata, sai ya riƙe shi haka nan a gaba. A bakin ƙofar asibitin mai gadi ya dube shi, ya dubi hannunsa, ya ce, "Malam, ka yar da ɗaya ne? Koma ka duba, ƙila yana ciki."

Mas'udu ya buɗe baki zai ba shi amsa. Ya daɗe a tsaye da bakin a buɗe, sa'an nan ya rufe shi ya wuce.